KULOCIN BABUR: YADDA ZA KA GANE LALACEWARSA TUN KAFIN YA JAWO MAKA HATSARI

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi domin amfanin duk mai babur a ƙasar nan, manomi ne, ko ɗan kasuwa, ko malamin makaranta, ko malamin asibiti mai zagaya ƙauyuka. Za mu ɗauki misalanmu daga Yola da Jimeta da garuruwan da ke kewaye da su a Jihar Adamawa, domin a can zafi da ƙura da yashi da ambaliya, watau manyan abokan gāban kuloci, duk sun haɗu a wuri guda. Amma abin da za a faɗa ya shafi mai babur na Sakkwato da na Maiduguri da na Ikko baki ɗaya.

Yola, wadda Modibbo Adama ya kafa a 1841, ta zama hedkwatar Jihar Gongola a 1976, sa'an nan ta zama ta Jihar Adamawa a 1991. Jimeta kuwa, a gaɓar Kogin Binuwai, ita ce cibiyar kasuwanci. Daga nan hanyoyi suka rarrabu, ɗaya ta haye gada ta bi Girei da Song da Gombi har Mubi, ɗaya ta yi Numan, ɗaya ta yi Fufore, wata kuma ta nufi Mayo-Belwa da Ganye. Da an sauka daga kwalta, babur ne jakin mutanen karkara. Shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Ranar da kulocinsa ya mutu a daji, abin da ake asara ya wuce kuɗin gyara.

1. Mene ne aikin kuloci?

Kuloci shi ne mahaɗi tsakanin inji da akwatin giya. Idan ka matse hannun kuloci, watau maɗaurin da ke gefen hagu na kan babur, ka raba ƙarfin inji da ƙafar baya, sai ka sami damar sa giya ko tsayawa ba tare da inji ya mutu ba. Idan ka saki hannun a hankali, ƙarfin ya koma wa ƙafar, babur ya tafi.

A yawancin baburan da ake hawa a ƙasar nan, irin su Bajaj Boxer da TVS da Jincheng da masu ƙirar Honda CG125, kulocin yana cikin murfin inji na dama, kuma cikin baƙin mai yake wanka. Kayansa su ne:

(a) Farantai masu fata, waɗanda aka manna musu wani abu mai kaushi domin kamu.
(b) Farantan ƙarfe zalla, waɗanda ake jera su tsakanin masu fata, ɗaya bayan ɗaya.
(c) Sifirin, masu danne farantan wuri guda.
(d) Kwando, watau gidan da farantan ke zaune a ciki.
(e) Waya, wadda ta taso daga hannun kuloci ta sauko zuwa wani ɗan hannu a jikin inji.

Muddin sifirin sun danne farantai sosai, ƙarfin inji yana wucewa duka. Da ka ja waya, sai matsin ya sassauta, farantai su rabu. Saboda haka cutar kuloci iri biyu ce babba: ko ya kasa kamawa sosai, ko ya kasa saki sosai. Duk sauran alamu daga waɗannan biyu suke fitowa.

2. Ratar hannun kuloci

Kafin a zargi farantai, a fara duba rata. Rata ita ce ɗan motsin banza da hannun kuloci ke yi kafin ka ji waya ta fara ja. Littattafan masu ƙera babura da yawa sun ƙayyade ta tsakanin milimita 10 zuwa 20 idan aka auna a ƙarshen hannun, wasu kuma milimita 2 zuwa 3 idan aka auna a gindinsa, inda yake haɗuwa da mazauninsa. Abin da littafin babur ɗinka ya faɗa shi ne abin bi.

Wannan 'yar rata tana da muhimmanci ƙwarai. Idan babu ita, waya tana jan kuloci ko da ba ka taɓa hannun ba, farantai ba su samun cikakken matsi, sai su riƙa gugar juna har su ƙone. Idan kuwa ta yi yawa, ko ka matse hannun har ya taɓa marikin, farantai ba za su rabu sarai ba.

Ka lura da abu guda wanda zai taimake ka. A yawancin babura masu waya, sa'ad da farantai ke cinyewa ratar raguwa take yi, sa'ad da waya ke miƙewa ko zarenta ke tsinkewa kuwa ƙaruwa take yi. Don haka idan ka gyara rata yau, bayan 'yan kwanaki ka tarar ta ɓace, farantai ne ke ƙarewa. Idan kuma kullum ƙaruwa take, to, waya ce ke shirin tsinkewa.

3. Cuta ta farko: santsin kuloci

Wannan shi ne kulocin da ya kasa kamawa. Alamunsa su ne:

(a) Ka ba da wuta, inji ya yi kuka sosai, amma gudu bai ƙaru daidai da kukan ba.
(b) Abin ya fi tsanani a kan hawa, ko sa'ad da ka ɗauki kaya, ko bayan inji ya yi zafi.
(c) Babur ba ya fara tafiya sai ka kusa sakin hannun kuloci gaba ɗaya.
(d) Shan fetur ya ƙaru ba tare da wani dalili ba.
(e) Baƙin mai ya yi duhu da wuri, yana warin ƙauri.
(f) A wasu babura, idan ka taka kik sai ya zame ƙasa bai juya inji da ƙarfi ba.

Ga yadda za ka gwada. Ka nemi hanya miƙaƙƙiya wadda babu jama'a, ka bar inji ya ɗumama, ka sa giya ta ƙarshe kana tafiya a hankali, sa'an nan ka murɗa totur sosai. Lafiyayyen kuloci zai sa kukan inji da gudun babur su tashi tare, sannu a hankali. Idan kuka ya yi tsalle ya bar gudu a baya, kuloci yana santsi.

Hatsarin wannan cuta a fili yake. A ce mutum ya ɗauko buhun masara daga Girei, ya fito zai wuce babbar mota a kan hanyar Mubi, ga wata mota tana tahowa. Ya ba da wuta yana sa ran babur zai zabura, sai inji ya yi ta ihu, babur na nan inda yake. A wannan lokaci ba shi da wurin komawa.

4. Cuta ta biyu: kulocin da ba ya saki

Alamunsa su ne:

(a) Ka matse hannun kuloci duka, ka sa giya ta ɗaya, sai babur ya yi ƙara ya zabura gaba, ko inji ya mutu.
(b) Kana tsaye da giya a ciki, hannu a matse, amma babur yana rarrafawa.
(c) Samun firi ya yi wuya idan inji yana aiki, amma da ka kashe shi sai ya samu cikin sauƙi.
(d) Canza giya ya yi tauri, sai ka taka da ƙarfi.

Domin gwaji, ka ɗora babur a kan jek na tsakiya yadda ƙafar baya za ta tashi daga ƙasa. Ka tayar da inji, ka matse kuloci, ka sa giya ta ɗaya. Idan ƙafar ta ɗan juya kaɗan ba laifi ba ne, musamman da sanyin safiya lokacin hunturu, domin mai yana da kauri. Ka ɗan taka birkin baya. Idan ƙafar ta tsaya nan da nan, inji kuma bai canza murya ba, kuloci lafiya lau. Idan inji ya nemi mutuwa, kuloci bai saki ba.

Abubuwan da kan jawo haka su ne rata mai yawa, da miƙaƙƙiyar waya, da farantan ƙarfe da zafi ya lanƙwasa, da kwando wanda haƙoran farantai suka yi wa tsagi, da tsohon mai mai datti ko wanda ya wuce kima. Hannun kuloci da ya lanƙwashe bayan faɗuwa shi ma yakan taɓa marikin tun bai gama jan waya ba. Irin wannan babur yana da hatsari a wurin cunkoso, kamar bakin kasuwa ko tasha ko ƙofar makaranta, inda ɗan zabura kaɗan ya isa ya buge yaro.

5. Hannu mai tauri, ko mai fizga

Wani lokaci farantai lafiyarsu ƙalau, laifin na waya ne. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana shiga cikin kuben waya ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar laka. Da damina kuma ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Sai hannu ya yi tauri, ko ya riƙa maƙalewa sa'an nan ya kuɓuce gaba ɗaya, babur ya yi fizga.

Ka ja robar da ke rufe gindin hannun baya, ka duba kan waya. A nan ta fi tsinkewa. Idan ka ga ko da zare ɗaya ya tashi, ka canza wayar a ranar, kada ka jira gobe. Ka duba kuma ko wayar ta naɗe ko ta matse a wani wuri, ka juya kan babur dama da hagu har ƙarshe. Idan rata tana canzawa sa'ad da kake juyawa, an bi da wayar ta gurguwar hanya. Ka riƙa ɗiga mata mai, ka shafa giris a kan kusar da hannu ke juyawa a kai. Mai doguwar tafiya zuwa ƙauyukan da ke gindin duwatsun Verre ko na Alantika ya kyautu ya riƙe waya sabuwa a cikin jakar kayan aikinsa.

6. Yadda ake daidaita rata

Wannan aiki ne da kowane mai babur zai iya yi da kansa cikin 'yan mintoci, inji yana sanyi.

Na ɗaya, ka ja robar gindin hannu baya, ka sassauta notin kullewa.
Na biyu, ka juya madaidaicin. Idan ka shigar da shi ciki rata ta ƙaru, idan ka fito da shi waje rata ta ragu.
Na uku, idan madaidaicin ya kusa fita gaba ɗaya, kada ka bar shi haka, domin zai iya karyewa. Ka mayar da shi ciki, ka sauka wurin notunan da ke ƙarshen waya a jikin inji, ka yi babban gyara a can da sifana, sa'an nan ka dawo sama ka ƙarasa.
Na huɗu, ka ɗaure notuna, ka mayar da roba, ka sake auna ratar.
Na biyar, ka gwada babur a fili kafin ka shiga titi.

Idan rata ta daidaita amma santsi bai daina ba, to, aikin ya wuce waya. Ƙara ɗaure waya ba ya maganin santsi, ƙara shi yake yi. Masu babur da yawa suna yin wannan kuskure.

7. Baƙin mai

Tun da farantai cikin mai suke, irin man da ka zuba yana iya gyara kuloci ko ya kashe shi. Wasu mayukan da aka yi domin ƙananan motoci suna ɗauke da sinadarin ƙara sulɓi saboda rage shan fetur. Wannan sinadari yana da amfani ga mota, amma yakan sa kulocin babur santsi. Saboda haka ne a 1998 ƙungiyar ma'aunin motoci ta Japan ta fito da ma'auni na musamman domin man babur. Ka duba jikin galan: idan ka ga an rubuta JASO MA ko MA2, man ya dace da kulocin da ke cikin mai. Kaurin mai kuwa, ka bi wanda littafin babur ɗinka ya ambata.

A Yola zafi yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. Injin babur iska ce ke sanyaya shi, don haka mai yakan gaji da wuri a irin wannan yanayi. Kada ka wuce lokacin juye. Ka guji man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya wanda ba ka san asalinsa ba.

Akwai kuma batun ruwa. A 2012 da 2022 Kogin Binuwai ya yi ambaliya mai tsanani, ruwa ya shiga gidaje da gonaki a Adamawa. Duk babur ɗin da ruwa ya haɗiye, ko wanda aka ratsa rafi mai zurfi da shi, a duba mansa kafin a tayar da shi. Idan man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga. A juye shi nan take, domin ruwa yana sa farantan ƙarfe tsatsa su manne da na fata. Tsohon mai kuwa kada a zubar da shi a lambatu ko a kogi.

8. Kada a ɗora wa kuloci laifin da ba nasa ba

Kafin ka biya kuɗin buɗe inji, ka tabbata ba ɗaya daga cikin waɗannan ba ne:

(a) Sarƙa da ta saki, ko haƙoran da take hawa sun cinye. Wannan yana sa tsalle da ƙara kas-kas, alhali santsin kuloci ba ya ƙara irin wannan.
(b) Robobin da ke cikin cibiyar ƙafar baya sun mutu, sai a ji bugu sa'ad da aka ba da wuta ko aka rage.
(c) Birki yana kamawa, babur ya yi nauyi.
(d) Inji ne ba shi da ƙarfi saboda fulogi ko matatar iska da ƙura ta toshe. A nan kukan inji ba ya tashi sam.
(e) An ɗaga muryar inji da yawa a tsaye, sai sa giya ta ɗaya ya zo da zabura ko da kuloci lafiya yake.

9. A wurin bakanike

Idan ya zama dole a buɗe, ka tsaya a yi aikin a gabanka. Bakaniken kirki zai auna kaurin farantai masu fata da tsawon sifirin ya gwada da abin da masu ƙera babur suka ƙayyade. Zai ɗora farantan ƙarfe a kan gilashi domin ya ga ko sun lanƙwashe, ya duba ko sun yi launin shuɗi, alamar ƙuna. Zai shafa bakin kwando ya ji ko akwai tsagi. Ka lura da waɗannan:

(a) A canza farantai masu fata duka tare, kada a gauraya sabo da tsoho.
(b) Idan sifirin sun gajarce a canza su duka. Cusa wasa a ƙarƙashinsu dabara ce ta kwana biyu, tana kuma iya hana kuloci saki.
(c) A jiƙa sababbin farantai cikin baƙin mai kafin a ɗaura su.
(d) A sa sabon gaskit da sabon mai, a daidaita rata, a sake duba ta bayan 'yan kwanaki.
(e) Ka nemi a ba ka tsofaffin kayan da aka cire.

Wajen sayen kaya, ka je wurin dillalin da aka sani, ka karɓi rasit. Jabun farantai sukan narke cikin mai su toshe hanyoyinsa, sai gyaran kuloci ya koma gyaran inji. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Wanda aka sayar wa jabun kaya yana da damar kai ƙara ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON.

10. Keke da roba-roba

A titunan Jimeta da Yola keke mai ƙafa uku, wanda ake kira Keke Napep, shi ne babban abin hawan jama'a. Yawancinsu suna da hannun kuloci a hagu da farantai cikin mai kamar na babur, saboda haka duk abin da aka faɗa a sama ya shafe su. Nauyin da suke ɗauka da yawan tsayawa da tashi suna sa kulocinsu ya fi saurin ƙarewa.

Baburan da ake kira roba-roba, masu bin ƙirar Honda Super Cub wadda ta fito a 1958, akasarinsu ba su da hannun kuloci. Nasu yana kamawa da kansa sa'ad da inji ya ƙara juyawa. Su ma sukan yi santsi ko rarrafe, kuma ana daidaita su ta wata kusa a murfin inji. A bar wannan ga bakaniken da ya san su.

11. Halayen da ke kashe kuloci

Yawancin kulocin da ke mutuwa da wuri mai shi ne ya kashe shi. Ka guji ɗora yatsu kana ɗan jan hannun sa'ad da kake tafiya. Ka guji riƙe babur a kan hawa da rabin kuloci, birki aka yi domin wannan. Ka tashi da giya ta ɗaya kullum. Idan tsayuwa za ta daɗe, ka sa firi ka saki hannun. Idan ƙafa ta nutse a yashi ko taɓo, kamar yadda yakan faru ga masu ɗauko kayan lambu daga fadamar Tafkin Geriyo, ka sauka ka rage kaya ka tura. Minti kaɗan na ba da wuta da rabin kuloci a cikin yashi ya isa ya ƙone farantan da za su yi maka watanni. Kada kuma ka ɗora wa babur kayan da ya fi ƙarfinsa.

Kammalawa

Tun 1988 da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ake kira ga masu ababan hawa su tabbatar da lafiyar abin hawansu kafin su hau hanya. Wannan kira ya haɗa da kuloci kamar yadda ya haɗa da birki da taya da fitila. Kowace safiya, kafin ka tayar da inji, ka matse hannun kuloci sau biyu ko uku, ka ji ratarsa, ka dubi kan waya, ka auna mai. Da ka ga ɗaya daga cikin alamun da aka lissafa, ka gyara tun abin yana ƙarami, domin rigakafi ya fi magani. Ka sa hular kwano, ka kiyaye dokokin da hukumomin jiharka suka kafa game da wurare da lokutan hawan babur.

Idan ka gama karanta wannan ɗan littafi, ka miƙa wa maƙwabcinka, ka kuma karanta wa wanda bai iya karatu ba. Allah ya kiyaye hanya, amin.